Kotu Ta Wanke Shi, Intanet Ba Ta Sallame Shi Ba

Akwai wata shari'a ta ƙasar Indiya da na karanta labarinta, kuma tun daga lokacin take yi mini yawo a rai. Wani mutum ne aka tuhuma da laifin fyaɗe, kotun farko ta same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara, Babbar Kotun Madras ta wanke shi a shekarar 2014. Shekaru suka shuɗe, amma duk wanda ya rubuta sunansa a intanet sai hukuncin nan ya fito masa da dukkan abin da ke cikinsa, saboda haka ya koma kotu yana roƙon a raba sunansa da wannan takarda.

Alƙalin da ya fara sauraron roƙon a 2021 ya ƙi amincewa. A watan Fabrairu na 2024 kuma wasu alƙalai biyu na kotun suka umarci shafin Indian Kanoon, wanda yake tattara hukunce-hukuncen kotunan ƙasar domin kowa ya karanta kyauta, da ya sauke hukuncin baki ɗaya. Masu shafin suka garzaya Kotun Ƙoli, ita kuma a watan Yuli na 2024 ta dakatar da umarnin, inda Alƙalin Alƙalan ƙasar na wancan lokaci, D.Y. Chandrachud, ya nuna cewa da zarar an yanke hukunci ya zama wani ɓangare na kundin jama'a, kuma ba da umarnin a sauke hukuncin yana da hatsari mai girma.

Abin da ya dame ni shi ne yadda masu muhawara a kan irin wannan lamari suke rabuwa gida biyu, kamar dai babu zaɓi sai ɗayan biyu: ko a shafe hukuncin domin a rufa wa mutum asiri, ko a bar shi yadda yake ko da zai hana shi aiki da mazauni har ƙarshen rayuwarsa. Ra'ayina shi ne bai kamata a cire hukuncin kotu daga intanet ba, ko da wanda aka wanke ne ya nema da bakinsa. Amma ya wajaba kotu ta cire sunansa, da duk wata alama da za ta sa a gane shi, daga kwafin da ake wallafawa, ta kuma hana manhajojin bincike irin su Google haɗa sunan da shari'ar.

Abin da mai bincike yake gani

Duk wanda ya taɓa karanta hukuncin kotu ya san yadda ake tsara shi. Alƙali yakan fara da tuhuma, ya zayyana abin da mai gabatar da ƙara ya ce an aikata, da ranar da wurin, sannan ya bi shaidu ɗaya bayan ɗaya yana kawo abin da kowannensu ya faɗa, ya auna hujjoji, sai can a ƙarshe, wataƙila a shafi na 40, a tarar da layi biyu da suke cewa an sallami wanda ake tuhuma kuma an wanke shi. Ga lauya da ɗalibin shari'a wannan tsari daidai yake, domin hanyar da alƙali ya bi ita ce abin da suke nema.

Mai ɗaukar ma'aikata kuwa, wanda takardun mutum 30 suke jibge a gabansa, ba ya karanta shafi 40. Yakan rubuta suna, ya dubi layi biyun da manhajar ta tsakuro masa a ƙarƙashin kanun, ya ga sunan yana maƙwabtaka da kalmar "fyaɗe" ko "damfara" ko "miyagun ƙwayoyi", ya ture takardar gefe ya jawo ta gaba. Ba zai kira mutumin ya tambaye shi ba, shi kuma mutumin ba zai taɓa sanin abin da ya hana a neme shi ba. Haka mai gidan haya zai yi, haka wanda ake neman haɗa jari da shi zai yi, kuma kowannensu zai ce a ransa ruwa ba ya tsami banza.

Irin wannan kuka ne wani Ba'amurke ɗan asalin Indiya ya kai Babbar Kotun Delhi. An kama shi da tuhumar miyagun ƙwayoyi a lokacin da ya ziyarci ƙasar a 2009, kotun farko ta wanke shi a 2011, babbar kotu ta tabbatar da hakan a 2013, ya koma Amurka ya karanta shari'a, amma ya ce duk inda ya nemi aiki sai hukuncin ya riga shi isa. A watan Afrilu na 2021 kotun ta ba da umarnin wucin gadi cewa a cire hukuncin daga sakamakon bincike. Cutarwar da yake magana a kai gaskiya ce, kuma duk wanda ya ce ai takarda ce kawai ta jama'a bai tsaya ya yi tunanin zama a matsayinsa ba.

A da ma kundin kotu a buɗe yake, sai dai buɗewar tana da tsada. Mai son ganin hukunci sai ya san kotun da aka yi shari'ar, ya taka ya je, ya nemi magatakarda, ya jira a tono masa fayil, kuma babu mai yin wannan wahala sai wanda yake da dalili mai ƙarfi. Kotun Ƙolin Amurka ta lura da wannan tun a 1989, a wata ƙara da 'yan jarida suka nemi hukumar binciken manyan laifuka ta ƙasar, FBI, ta ba su tarihin laifukan wani mutum, inda ta ce akwai tazara mai yawa tsakanin bayanan da suke warwatse a rumbunan kotuna da ofisoshin 'yan sanda, da kuma bayanan da aka tattara wuri guda a kwamfuta. Wahalar neman ita ce katangar da take kare mutane ba tare da an rubuta ta a wata doka ba, kuma ita intanet ta rushe.

To me ya hana a goge kawai?

Wannan ita ce tambaya mafi ƙarfi, kuma ina jin nauyinta. Hukuma ce ta tuhumi mutum, ta kasa tabbatar da tuhumar, to da wane haƙƙi za a ci gaba da yaɗa takardar da take ɗauke da zargin da aka riga aka yi watsi da shi?

Amsa ta farko ta shafi mutumin kansa. Ranar da aka kama shi jaridu sun ɗauka, ranar da aka gurfanar da shi sun ɗauka, mutane sun yaɗa a Facebook da sauran shafukan sada zumunta, amma ranar da aka wanke shi, bayan shekara huɗu ko biyar, da wuya a sami ɗan jarida ko ɗaya a zauren kotun. A cikin duk abin da aka rubuta a kansa, hukuncin ne kaɗai takardar da ta ce bai yi ba, kuma ita ce take ɗauke da sa hannun alƙali. Idan aka goge ta aka bar labaran kamu, an yi gudun gara an tarar da zago. In kuwa hukuncin yana nan da lambarsa da ranarsa, sunan ne kawai aka rufe, mutumin yana iya nuna shi ga duk wanda ya ga dama, tare da cikakken kwafin da kotu ta buga wa hatimi, a lokacin da shi ya zaɓa.

Amsa ta biyu ta shafi sauran jama'a. Hukuncin da aka wanke mutum a cikinsa, a mafi yawan lokuta, labari ne na yadda wani ya yi kuskure ko ya yi ganganci: ɗan sandan da ya tilasta wa mutum amsa laifi, mai gabatar da ƙarar da ya kawo shaidar da ba ta tsaya da ƙafarta ba, ƙwararren da ya yi gwaji a gurguje, ko alƙalin kotun farko da ya yanke hukunci ba bisa hujja ba. Idan aka mayar da goge irin waɗannan hukunce-hukunce al'ada, waɗanda za su fi kowa murna su ne waɗannan jami'ai, domin an share musu sawu da sunan tausaya wa wanda suka zalunta. Sannan lauyan da yake kare wani talaka gobe a kan irin wannan tuhuma yana buƙatar wannan hukunci ya kafa hujja da shi. Kundin shari'ar da aka tace, aka bar hukunce-hukuncen ɗauri aka kwashe na sallama, zai koya wa duk mai karanta shi cewa kotu wurin ɗaure mutane ce kawai.

Akwai kuma wanda ya kai ƙarar, wanda sau da yawa ake mantawa da shi a wannan muhawara. Shi ma ya tsaya a gaban kotu ya yi rantsuwa ya ba da labarinsa, kuma ko da kotu ba ta gamsu ba, yana da haƙƙin a san cewa an yi shari'ar, a kuma iya duba ko an yi masa adalci.

Su kuma masu cewa ko suna kada a taɓa

A ɗaya ɓangaren akwai waɗanda suke ganin cire suna ma ha'inci ne ga ƙa'idar yin shari'a a bainar jama'a. Ƙa'idar tsohuwa ce kuma mai daraja. Kotun ƙoli ta Ingila a wancan zamani, wato Majalisar Dattawan ƙasar, ta jaddada ta a 1913 a shari'ar Scott da Scott, kuma sashe na 14 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 a kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa ya ce a bayyana hukunci ga jama'a, in ban da inda maslahar yara ko rikicin aure ko riƙon 'ya'ya ya hana.

Sai dai ya kamata a tambaya: wa ake son a sa wa ido da wannan ƙa'ida? An buɗe ƙofar kotu ne domin alƙali ya san ana kallonsa, domin mai iko kada ya ɗaure mutum a ɓoye. Kariya ce da aka tanada domin wanda ake tuhuma, kuma abin takaici ne a juya ta ta zama bulalar da ake dukansa da ita bayan ya kuɓuta. Idan aka sauya sunansa da harafi ɗaya, aka bar sunan alƙali da na lauyoyi da na hukumar da ta yi bincike, aka bar kowace hujja da kowane dalili, babu abin da ya ragu daga sa idon da ake buƙata.

Kuma wannan ba sabon abu ba ne da sai an gwada. Kotunan Jamus sun daɗe suna wallafa hukunce-hukuncensu ba tare da sunayen masu shari'a ba, kuma ilimin shari'a bai durƙushe a ƙasar ba. Kotun Tarayyar Turai ta fara sakaya sunayen ɗaiɗaikun mutane a ƙararrakin da kotunan ƙasashe suke miƙa mata tun daga watan Yuli na 2018, daga farkon 2023 kuma ta riƙa laƙaba wa irin waɗannan shari'o'i sunayen ƙirƙira domin lauyoyi su sami abin kiransu da shi. Manyan rumbunan hukunce-hukunce na kyauta, CanLII a Kanada da BAILII a Birtaniya, sun ɗauki wata hanyar: sunayen suna nan ga wanda ya shiga shafin da niyyar binciken shari'a, amma an hana manhajojin bincike na waje kwashe rubutun. Wato sun mayar da ɗan abin da ya saura na tsohuwar katangar nan.

Har ma shari'ar da ake yawan ambata a matsayin tushen "'yancin a manta da mutum" ba ta goge komai ba. A ranar 13 ga Mayu, 2014 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a ƙarar wani ɗan ƙasar Sifaniya wanda jaridar La Vanguardia ta buga sanarwar gwanjon kadararsa saboda bashi a 1998. Abin da kotun ta ce shi ne Google ya daina nuna sanarwar idan an nemi sunan mutumin. Shafin jaridar yana nan inda yake. Haka kuma a watan Yuli na 2023 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta amince da umarnin da kotunan Beljiyam suka ba jaridar Le Soir a kan wani labarin haɗarin mota na 1994, kuma umarnin shi ne a sa harafin X a madadin sunan direban, labarin kuma ya ci gaba da zama a rumbun jaridar. Wannan direba ma kotu ta same shi da laifi a lokacinsa. Idan sakaya suna ya wadatar a can, ban ga dalilin da zai sa a ce sai an rushe hukuncin kotu ɗungurungum a nan ba.

"Ai wankewa ba ta nufin bai yi ba"

Wannan magana ana yawan faɗin ta a ɓoye fiye da a fili, kuma akwai gaskiya a cikinta. Kotu takan sallami mutum saboda shaida ya mutu, ko ya tsorata ya janye, ko an ɓatar da fayil, ko an yi kuskure a yadda aka tattara hujja. Duk wanda ya san kotu ya san cewa ba kowane wanda ya fita yana murmushi ba ne mai tsarkin hannu.

Amma mu bi maganar zuwa inda take kaiwa. Idan muka ce a bar sunan kowane wanda aka wanke a rataye a intanet saboda wataƙila wasunsu sun aikata, to mun kafa wata kotu ta biyu wadda ba ta da alƙali, ba ta sauraron kariya, ba a ɗaukaka ƙara daga gare ta, kuma hukuncinta ba shi da wa'adi. Wanda aka ɗaure shekara uku yakan gama ya fito, amma wanda aka shafa wa kashin kaji ta wannan hanya babu ranar fitarsa. Al'ummar da ta yarda cewa mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar, ba za ta iya cewa ta yarda da hakan a zauren kotu kaɗai ba. In ana ganin kotuna suna sakin masu laifi, wurin gyara shi ne binciken 'yan sanda da kare shaidu, kuma gyaran nan ma ba zai yiwu ba sai hukunce-hukuncen suna nan ana karanta su.

Inda na yarda a ja layi shi ne a kan masu riƙe da amanar jama'a. Minista ko gwamna ko shugaban babban kamfani da aka tuhuma da wawure dukiya, ko da an wanke shi, shari'arsa ta shiga tarihin muƙamin da ya riƙe, kuma masu zaɓe suna da haƙƙin karanta ta da sunansa, su ga ko hujja ce ta rasa ko dabara ce ta yi aiki. Irin waɗannan ne za su fara zuwa da manyan lauyoyi idan aka buɗe ƙofar gogewa, domin su ne suke da abin ɓoyewa da kuɗin ɓoye shi. Haka kuma cikakken kwafi mai suna ya kamata ya ci gaba da zama a rumbun kotu, ta yadda ɗan jarida ko mai bincike da yake da dalili zai iya nema, wata kotun kuma za ta iya gani idan mutum ɗaya ya yi ta dawowa gabanta da tuhuma iri ɗaya.

A yi shi tun daga tushe

Kuskuren da nake gani a yadda ake tafiyar da lamarin a yanzu shi ne an bar shi sai wanda ya nema. Mutum ya gama shari'ar shekaru, ya ƙarar da abin hannunsa, sannan a ce ya sake ɗaukar lauya ya shigar da sabuwar ƙara domin a rufa masa asiri. Mai hali zai iya, direba da ɗan ƙwadago ba za su iya ba, alhali su ne suka fi cika kotunan laifuka.

Inda aka bar giɓi irin wannan kuwa 'yan kasuwa sukan shigo. A Kanada an sami wani shafi mai suna Globe24h, wanda ake gudanarwa daga Romaniya, yana kwafe hukunce-hukunce daga CanLII yana sake wallafa su ta yadda Google zai gan su, sannan yana karɓar kuɗi daga waɗanda suke son a cire sunayensu. Kotun Tarayya ta Kanada ta umarce shi ya daina a 2017, ta kuma ci shi diyyar dalar Kanada 5,000 ga wanda ya kai ƙara. Darasin shi ne da zarar suna ya fita, bin sa a baya aiki ne mai wuya. Kotun Tarayyar Turai ma ta ce a watan Satumba na 2019 dokar Turai ba ta tilasta wa Google cire sakamakon bincike a duk duniya ba, iyakarta ƙasashen tarayyar, don haka abin da aka ɓoye a wata ƙasa yana iya bayyana a wata.

Saboda haka wurin da ya dace a yi aikin shi ne teburin alƙali, a ranar da ake yanke hukunci. Idan an wanke mutum, kuma wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce ko an kammala ta, magatakarda ya fitar da kwafi biyu: cikakke na rumbu da na masu shari'a, da kuma na wallafawa wanda aka cire suna da adireshi da wurin aiki da sunayen dangi. Cire sunan kaɗai ba ya isa, domin hukuncin da ya ce wanda ake tuhuma shi ne shugaban makaranta kaza a shekara kaza ya riga ya nuna shi da yatsa. Wanda kuma yake son a bar sunansa, domin akwai masu son duniya ta ga an wanke su, a bar masa.

Labaran jaridu ba a hannun kotu suke ba, kuma ba na goyon bayan a tilasta wa jarida share abin da ta ruwaito daidai a lokacinsa. Abin da za a iya nema shi ne ta ƙara layi ɗaya a saman tsohon labarin cewa kotu kaza ta wanke wannan mutum a rana kaza. A wani hukuncin da ta yanke a wannan watan na Satumba 2019, Kotun Tarayyar Turai ta ce ko a inda ba a cire sakamako ba, dole manhajar bincike ta tsara jerin ta yadda matsayin shari'ar na yanzu zai fito a sama, wato mai bincike ya fara cin karo da sallamar kafin ya ga kamun.

Sauran su ne tsofaffin hukunce-hukuncen da suka riga suka bazu. A nan babu makawa sai mutum ya nema, amma neman ya zama takarda ce mai sauƙi da za a miƙa wa magatakardan kotun da ta yi shari'ar, ba tare da lauya ba, kuma kada a rubuta roƙon kansa a jerin ƙararraki da sunan mai shi. Ban ambaci sunan ko ɗaya daga cikin mutanen da na kawo labarinsu ba, da gangan, amma ɗaliban shari'a sun san da yawansu, domin ƙararrakin da waɗannan suka shigar suna neman a manta da su da sunayensu ake kiran su a littattafai da azuzuwa, kuma su ne abin da yake fara fitowa a yau idan aka rubuta sunayen nasu a intanet.